Shaidar Goro da Shaidar Tambur a Ƙasar Kurfai

A ƙasar Kurfai da muka taso ba a neman izinin hukuma kafin a yi aure, kuma ba a kai mata labari bayan an yi. Da hantsi ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan uban yarinya. Waliyyin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ƙirga sadaki a bainar jama'a yadda ko na can ƙarshen tabarma zai ji adadinsa, liman ya tambaya ko an shaida, taro ya amsa, a shafa fatiha. Maroƙi ya ɗaga murya don matan da ke cikin gida su ji an ɗaura, guɗa ta tashi. Sai ƙwaryar goro ta fara zagaye. Wanda duk ya karɓa ya zama shaida, ya so ko bai so ba. Dangin da ba su samu zuwa ba, na Luma ko Shikal ko Tukunus, akan ƙulle musu nasu a aika ta hannun 'yan kasuwar Lahadi ta Filinge, don kada gobe wani ya ce bai san da zancen ba.

Tsofaffin mata su ne ma'ajiyar wannan labari, kuma ba su cika ɓata lissafi ba. Ka tambayi tsohuwa yaushe aka yi auren wance, ba za ta ba ka lamba ba. Za ta ce damina biyu kafin babban fari, ko shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki, wadda mu 'yan boko muka sani da 1974. Za ta ƙara maka da wanda ya yi walicci, da saniyar da aka bayar, da launinta, da wanda ya yi fushi don ba a kai masa goro da wuri ba. Idan rigimar gado ta taso, da irin wannan bayani mai gari da liman ke raba gardama, ba a kuma cika wuce su ba.

Takardar farko da ta rubuta sunan matar Bakurfaye a ƙarƙashin na mijinta ba ta aure ba ce, ta haraji ce. Faransawa sun kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka tsayar da Gado Namalaya a kan sarautar Kurfai a 1901, kuma abin da ya fi damunsu shi ne sanin kawuna nawa ke kowane gida. Mai ƙidaya ya zauna a inuwa da kundinsa, mai gari na gefe, a kira magidanci: matanka nawa, 'ya'yanka nawa, wane ne ya isa biyan lanho, wane ne ya isa aikin tilas. Ƙarin mata ƙarin kai ne, ƙarin kai ƙarin kuɗi. Mutanen da suka ga haka shekara da shekaru sun koyi darasi guda, cewa shiga littafin bariki ba ya zuwa da alheri, suka kuma gadar wa 'ya'yansu wannan darasin. An soke wancan harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, ɗan Fandu, amma tsoron alƙalami bai tafi tare da shi ba.

Turawan sun yi dokokin aure, ba a ce ba su yi ba. Dokar Mandel ta 1939 ta hana aurar da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba da yaron da bai kai 16 ba, ta kuma ce sai da yardar su biyun. Ta Jacquinot ta 1951 ta taɓa zancen kuɗin aure, ta kuma ba wanda ya rubuta aurensa damar yin alkawarin zama da mace ɗaya. Dokokin sun zauna a aljihun teburin kumandan, ana fito da su in ƙara ta zo. Kan tabarmin ɗaurin aure kuwa ba su taɓa zama ba. Sai dai wancan zance na mace ɗaya ya fita ya yi yawo, har yau za ka iske magidancin da ya yi imani cewa duk wanda ya yanki takardar aure ya rufe wa kansa ƙofar ƙari. Ba haka ba ne ga auren da aka ɗaura bisa addini da al'ada, kowace mata da takardarta, amma jita-jitar ta fi dokar tsawon rai.

Abin da ya fara jan mutanenmu zuwa ofis da ƙafarsu kuɗi ne. Bayan dokar ƙwadago ta 1952, an soma biyan ma'aikata masu albashi kuɗin iyali daga 1956 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, kuma ba a biya sai da takarda: ta aure, da ta haihuwar kowane yaro. Nan take malamin lakwal, da malamin asibiti, da gardi, da direban gwamnati suka gane amfaninta. Bayan 'yancin kai asusun ma'aikata na CNSS ya ɗora a kan wannan tsari. Shi ya sa a idon manomi da makiyayi takardar aure ta zama kayan ma'aikata, kamar agogon hannu da takalmi sau-ciki. In ka ga mutum ya je yankarta, to akwai wani ƙarshen wata da yake jira.

Na ga ƙarshen wancan zamani. Ofis ɗaki guda ne mai ƙanshin tsohuwar takarda. Akawu na bayan tafireta, ya jera farar takarda da baƙar takardar kwafi, yana bugawa da yatsa biyu. Ya tambayi ango shekarar haihuwarsa, ango ya dubi rufi. Akawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙiyasta, ya buga cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Amarya sau da yawa ba ta ma zo ba, waliyyinta ne ke amsa mata, shi ya sa za ka ga an rubuta sunan da ba wanda ke kiranta da shi a gida, ko a rubuta shi da baƙaƙen Faransanci ta yadda ita kanta in an karanta ba za ta waiga ba. A lashi tambur a manna, a buga hatimi, masu dangwala yatsa su dangwala. Mai takarda ya naɗe ta, ya cusa a gwangwanin madara ko ƙasan adaka, inda gara da ɗigon damina ke jiran rabonsu.

Nijar mai 'yanci ba ta rushe auren tabarma ba, kuma a nan na ga ta yi hankali. Dokar tsarin shari'a ta 1962 ta ce a zancen aure da saki da gado, al'adar masu ƙara ce alƙali zai bi, da mashawarta masana al'ada a gefensa, waɗanda a ƙasarmu galibi malamai ne. Dokokin da suka gaje ta sun riƙe wannan ƙa'ida. A Faransa, inda aka ƙwace littattafan aure daga hannun coci tun 1792, sai magajin gari ya ɗaura kafin limamin addini ya sa baki. A Amurka ma'aurata kan je ofishin gundumarsu su sayi lasisi tukuna, in an ɗaura wanda ya ɗaura ya sa hannu ya mayar, ofis ya adana, duk mai son kwafi daga baya ya koma can. Mu namu juye yake. Aure ya riga ya ɗauru a ƙofar gida, ofis labari kawai ake kai masa ya rubuta. Kuma abin da ba ya hana amarya tarewa, mutane ba sa yi masa gaggawa.

Wadda ke biyan kuɗin wannan jinkiri kusan kullum mace ce, kuma a ranar da ta fi kowace rana rauni. Wata innata ita ce mata ta biyu ga wani tsohon gardi. Uwargidan tana da takarda, don lokacin aurenta yana kan aiki yana karɓar kuɗin iyali. Innata kuwa ya aure ta ne dab da ritaya, bai ga dalilin sake wahala ba. Da ya rasu aka fita takaba, aka zo zancen raba fansho tsakanin matan, sai aka ce a kundi mace ɗaya gare shi. Ta haifa masa 'ya'ya, ta yi jinyarsa har ya cika a hannunta, gari duka ya sani, kundi ne kaɗai bai sani ba.

Akawun da muka fara samu bai yi mata tsawa ba. Ya ce, "Inna, ba ni ne na ƙi ba. Wa'adi ya wuce tun tuni, sai alƙali ya yi hukunci kafin in rubuta."

Ta ce, "Ɗana, auren nawa za a kai gaban alƙali? Mi na yi?"

Ya ce, "Ba ki yi komi ba. Ki dai zo da waɗanda suka ga an ɗaura."

Nan aikin yake. Limamin da ya ɗaura ya rasu, waliyyinta ya rasu. Aka shiga lissafin wa ya rage cikin mutanen da suka zauna a tabarmar ranar. Aka samo wani dattijo wanzami, da wani ƙanen marigayin da ya daɗe yana ci-rani a Kumasi ya dawo gida da tsufa. Ranar zaman, alƙali ya tambayi wanzamin ko ya tabbata an ɗaura wannan aure. Tsohon ya gyara zama ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na raba goron da hannuna." Ya faɗi sadakin, ya faɗi wanda ya karɓa, ya ce bayan girbi ne, shekarar da rijiyar unguwarsu ta rufta. Mashawarcin alƙali ya san zancen rijiyar, da shi aka tsayar da shekara. Hukuncin da aka buga da tafireta, aka kai ofis aka kwafe cikin kundi, aka yanko mata takarda mai tambur, duk a kan bakin wanzamin nan ya tsaya. Matan tsofaffin sojan Faransa sun sha irin wannan zirga-zirga, su ma har da ƙari, don takardunsu sai sun haye teku kafin a amsa.

Daga baya an yi ta gyara. An yi dokar rajistar jama'a a 1985, aka sake ta a 2007, aka kuma sake a 2019. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya matso da ofis kusa, mutumin Damana ko Bonkuku ba sai ya zo Filinge ba, an kuma buɗe wuraren kai sanarwa a ƙauyuka da asibitoci. Yanzu kwana 60 ne wa'adin sanar da aure, sanarwar kyauta ce, ma'aurata kuma na samun littafin iyali da za a riƙa shigar da 'ya'ya a ciki. Saki ma doka ta ce a rubuta shi. A kan takarda, ba abin da ya rage.

Amma ka zauna a ƙofar ofishin magajin gari ka ga abin da ke kawo mutane. Takardar haihuwa ce, don malamin lakwal ya ce ba jarrabawa sai da ita, kuma ba katin ɗan ƙasa sai da ita. Ta aure ba ta da malamin da ke kora mutane zuwa gare ta. Ango ya kashe abin da ya kashe a kan lefe da rumfa da mai hoto, amma tafiyar da ba ta cin ko dala sai ya ce sai an huta. Amarya kuwa kunya ba ta barinta ta tayar da zancen, kada dangin miji su ce tun ba a je ko'ina ba ta fara lissafin mutuwarsa. Gardamar kundin dokar iyali, wanda aka yi yunƙurin kawowa a shekarun 1990 da kuma 2011 malamai suka ƙi, ta ƙara sa wasu na kallon duk takardar da ta shafi aure da ido guda, alhali wannan ba ta canja ko wasali a yadda liman ke ɗaurawa. A ganina limaman ne ma suka fi dacewa su riƙa tunatarwa, tun ana kan tabarma, kafin a watse.

Abin da ya sa nake ganin zancen ya fi da nauyi shi ne halin da arewacinmu ya shiga. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, har da Abala, kuma ƙauyuka da dama sun tashi. Mutanen da suka zauna a tabarma guda yanzu wani na Abala, wani na Filinge, wani na Yamai, wani ya tsallaka iyaka, wani an binne shi a hanya. Tsarin da ya ceci innata ya dogara ne da gari ya zauna wuri guda har tsofaffinsa su tsufa tare. Alƙalai kan fita zaman tafi-da-gidanka su yi hukunce-hukuncen nan da yawa a yini guda, galibi kyauta, amma layin na takardun haihuwar yara ne. Matar da ta gudo da 'ya'yanta da tabarma, in ta shiga layin don aurenta, tambayar da za a yi mata ita ce wadda aka yi wa innata, wa ya ga an ɗaura, kuma sau da yawa waɗanda za ta ambata ba ta san garin da suke ba.