Legon, Inda Ake Bin Sawun Ƙwayar Zazzaɓi

Mutumin Baure irina ba ya daɗewa yana baƙunta a Akra. Da ka shiga Nima ko Madina za ka ji Hausa tana tashi, ga koko da ƙosai da sassafe, ga kiran salla ta ko'ina. Amma ni tudun Legon ne ya ɗauke mini hankali, mazaunin Jami'ar Ghana, wadda aka kafa a 1948. Fararen gine-gine masu jan rufi sun jeru a ƙarƙashin inuwa. A nan Cibiyar Noguchi take tun 1979, da sunan likitan Japan ɗin nan da shawara ta kashe a Akra a 1928 yana tsakiyar bincikenta. A nan kuma WACCBIP take, cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta da ta soma aiki a 2014 a hannun Farfesa Gordon Awandare. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar shi ya yi mini jagora.

Mu a gida zazzaɓin cizon sauro da damina muka san shi, lokacin da gero ya rufe hanya, yara suka kwanta, ma'aikatan lafiya suka bi gida gida da maganin rigakafi. A Legon kuwa kiwon ƙwayar cutar ake yi. Ana zuba mata jinin mutum a 'yar kwalba, a ajiye ta a ɗumin maki 37 irin na jikinmu, dabarar da Trager da Jensen suka fito da ita a 1976. Na tsaya ina kallon 'yan mata da samari, 'yan Ghana da na maƙwabta, suna yi wa abokiyar gabar nan hidima don su gano lagonta.

Na ce wa ɗan ƙanwata abin da ba shi da ƙafa, ta yaya yake kutsawa cikin jan ƙwayar jini?

Ya ce, "Kawu, igiya take tuƙawa."

Ashe a jikinta akwai wani furotin mai suna aktin, irin wanda ke cikin tsokarmu. Ƙananan gutsattsari ne da ke haɗuwa su zama zare. Wahalar tana wajen farawa, domin biyu ko uku na farko ba sa zama tare, da sun haɗu sai su watse. Kamar ɗinkin faifai ne, in cibiya ba ta kamu ba, babu inda za a. Mai kama cibiyar shi ne fomin. Guda biyu ne ke haɗuwa su yi zobe, su riƙe gutsattsarin farko, sannan su zauna a bakin zaren yana tsawo ba su saki ba. Sai wani furotin, mayosin, ya ja zaren baya, ƙwayar cutar ta matsa gaba. Kafin minti ɗaya ta shige. Mu ma jikinmu bai rasa nasa fomin ba, da shi ƙwayar halitta ke tsuke cikinta ta rabu biyu.

Yadda ake ganin fomin ɗin ya fi ba ni mamaki. Madubin asibiti ba ya nuna shi. Sai a yi wa zomo allurar ɗan yankin furotin ɗin, jikinsa ya haɗa garkuwar da za ta kama shi. A ɗebo ta daga jininsa, a zuba a kan ƙwayoyin da aka daskarar a gilashi, a bi da rini mai ƙyalli, a leƙa da madubi na musamman a ɗaki mai duhu. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini hotunan aikin Jake Baum da abokansa na Melbon a 2008, inda suka ga fomin a daidai wurin da ƙwayar cutar ke manne da ƙwayar jini tana shiga.

Na ce to ai magana ta ƙare. Ya girgiza kai. Ƙyalli kaɗai ba hujja ba ne, in ji shi, don garkuwar tana iya kama wani da ba shi ake nema ba. Dole a niƙa ƙwayoyin, a tura furotin ɗinsu da lantarki cikin wani abu mai dalaƙi, ƙanana su yi gaba, manya su yi baya, a kwafe su a takarda ta musamman, a ga ko layi ya fito a daidai nauyin da ake tsammani. Sannan a gwada da jinin zomon da aka ɗiba kafin allura. In shi ma ya yi ƙyalli, aikin watanni ya tashi a banza, a koma farko.

Wannan taurin kan nasu ya burge ni fiye da na'urorin. Ko da ya rako ni bakin ƙofar jami'a in hau motar tirotiro zuwa Madina, na tambaye shi yaushe wannan zai zama magani a shagon Baure. Ya ce ba zai yi mini alkawarin da ba shi da hujjarsa ba, kuma in yi haƙuri, zai koma ya canza wa ƙwayoyinsa ruwa kafin magariba.