Allon Ne Ya Tsage, Ko Mai Rubutu Ne Ya Ƙetare Layi?

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, tun daga 2015 da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kowace na'ura a ɗakin kwamfutarmu ta zama abin tattali. Mu muna da yawa, su kuwa kaɗan ne. Da zarar ɗaya ta fara tsayawa cak, fuskarta ta koma shuɗiya, sai ka ji an ce, "Bairos ne, a kai ta a goge komai." A biya kuɗi, ayyukanmu su salwanta, bayan mako guda ciwon ya dawo. Dalili kuwa, an ba da magani ba a san cutar ba.

A cikin kwamfuta akwai RAM, wato ƙwaƙwalwar da take ajiye aikin da ke hannunta. Mu ɗauke ta kamar allon aji. Idan rubutu ya lalace, ko dai allon ne ya tsage, ko kuma wani ɗalibi ne ya yi rubutu a kan layin ɗan uwansa. Na farko laifin ƙarfe ne, na biyu laifin manhaja. Daga nesa kamarsu ɗaya.

Duka biyun sun taɓa girgiza mutane. A 2003, a zaɓen unguwar Schaerbeek ta ƙasar Beljiyam, na'ura ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'u 4,096. Masu bincike ba su ga kuskure a manhajar ba, sai suka karkata ga cewa ɗigo ɗaya ne a ƙwaƙwalwar ya juya daga 0 zuwa 1. A ranar 19 ga Yuli, 2024 kuwa, wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya sa manhaja ta nemi karanta gurbin da ba nata ba, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka durƙushe, alhali ƙarfensu lafiya lau.

Ga abin da muka koya. Laifin manhaja yakan bi manhajar: duk sanda aka buɗe ta, ko aka danna wuri kaza, sai na'urar ta faɗi, kuma haka take yi a kwamfutar da ke kusa. Laifin RAM yakan bi na'urar: yau ta faɗi ana rubutu, gobe ana kallon hoto, kowace rana da sabon saƙon kuskure.

Amma zato zunubi ne, sai an gwada. Akwai MemTest86, wadda ake kunnawa daga filashi ba tare da Windows ta tashi ba. Tana rubuta lambobi a kowane gurbi na RAM, ta dawo ta karanta. Tun da sauran manhajoji ba sa aiki a lokacin, idan ta ga kuskure, ƙarfe ake tuhuma. A bar ta ta yi zagaye da yawa. Idan ba ta ga komai ba, sai a koma kan manhajar da aka saka kwanan nan.

Mu a Hadeja muna da ƙarin dalilin yin wannan gwaji. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, damina kuma ga danshin kogi da fadama. Su biyun suna iya ɓata haƙoran RAM inda suka haɗu da mazauninsu. Wani lokaci malami ya kashe na'ura, ya zare waya, ya cire RAM ya goge ya mayar, shi ke nan. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Roƙonmu shi ne a ajiye littafi a ɗakin kwamfuta. Duk wanda na'ura ta tsaya masa, ya rubuta lambarta, da ranar, da abin da yake yi, da saƙon da ya fito. Shafi biyu na wannan littafi za su nuna mana ko allon ne, ko mai rubutu, kafin a taɓa kuɗin makaranta.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta