Wa ke riƙe da igiya?

A Belbeji akwai wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin rijiyoyin Damargu. Sana'arsa yasa ce. In guga ya tsinke, ko rairayi ya toshe idon ruwa, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu, a zurara shi gaba talatin ko fiye, ya nutse cikin ruwan da rana ba ta taɓa gani ba.

Wata ranar kasuwa ɗan ƙanensa, ma'aikaci a matatar man da aka buɗe a yankin Tanut cikin 2011, ya kawo masa labarin abokan sana'arsa na teku. A 2024 man Agadem ya bi bututu kusan kilomita 2000 har Seme, ƙasar Benin. Manyan jirage ba su matsowa gaɓa, a cikin teku ake yi musu lodi, kuma masu nutso ke duba mahaɗar bututun. Amma wannan wasa ne, in ji saurayin, in an gwada da tekun arewacin Turai. Can, mai nutso kan zauna har kwana 28 cikin ɗakin ƙarfe mai kama da tanki, yana shaƙar iska mai haɗe da heliyom wadda ke mai da muryarsa ta agwagwa. Fitowa ta fi shiga wuya: kwana guda ga kowace mita 30. Wanda ya yi gaggawa, jininsa ya yi kumfa kamar kwalbar lemo da aka buɗe. A 1983, a dandalin haƙar mai na Byford Dolphin, an kwance maƙalar ɗakin kafin lokaci, mutum 5 suka mutu.

Zurfin bai ba dattijon mamaki ba, albashin ma bai tambaya ba.

"Ɗana, wa ke riƙe musu igiya?"

Saurayin ya ce akwai igiya, ta cikinta iska da magana ke bi, kuma kullum mutum ɗaya na zaune cikin ƙararrawar ƙarfe yana sako ta.

Dattijon ya yi shiru. Shekara ashirin uban wannan yaro ne ke riƙe masa tasa, kuma ranar da suka kwana da saɓani ba ya shiga rijiya, ko nawa mai dabbobi ya taya. Shekarar da ƙanen ya rasu ya naɗe igiyar. Tana nan rataye cikin rumbu, ɓera ya fara cin bakinta.