Ƙungiyarmu ta Hoki: A Rusa Ko a Lallaɓa?

Ƙungiyar wasa iri uku ce a duniya. Akwai gwana, wadda in ta shiga fili magoya bayanta sai su miƙe ƙafa su sha kallo. Akwai ta banza, wadda kowa ya san lallasa ta za a yi, saboda haka ba mai sa rai balle ransa ya ɓaci. Sa'an nan akwai ta tsaka-tsaki, ita ba gwana ba, ita ba ta banza ba. Yau ta ci, gobe a cinye ta, jibi a tashi canjaras. Wannan ta ukun ita ce mai sa wa mutum ciwon zuciya. Abin baƙin ciki kuwa, 'yan'uwana ɗalibai, irinta ce ƙungiyar hoki ta makarantarmu.

Ni dai ba ɗan wasa ba ne, ɗan kallo ne. Tun ina aji ɗaya nake cikin masu kiɗan jarka da gwangwani a bakin fili, ga shi yanzu ina aji biyar, kuma in ban da ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ban taɓa fashin wasa ko ɗaya ba. A cikin shekarun nan duka labari ɗaya nake gani yana maimaita kansa. Mukan haye zagayen farko da ƙyar, mu yi murna kamar mun ci kofi, sa'an nan kafin a kai wasan ƙarshe a koro mu gida. Abin da mukan dawo da shi a motar makaranta shi ne "ai mun kusa" da kuma dasasshiyar murya. Kofunan da ke cikin kabad a ofishin Shugaban Makaranta kuwa sun yi baƙi don tsufa, kuma duk cikinmu ba wanda yake nan sa'ad da aka ciyo su.

Saboda haka gardama ta ɓarke a ɗakin cin abinci da ɗakunan kwana, har ɗalibai sun rabu gida biyu. Waɗansu suna cewa a rusa ƙungiyar ɗungum, a ɗebo yara daga ƙananan azuzuwa a fara sabon gini, ko da za a yi shekara biyu ana shan kashi. Waɗansu kuwa cewa suke yi da babu gara ba daɗi. Tun da ba mu ne na ƙarshe ba, a canja mutum ɗaya ko biyu a ci gaba da lallaɓawa. Na saurari kowane ɓangare, na kuma yi ɗan karance-karance a laburare, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi nawa ra'ayin a wannan mujalla tamu.

Kafin a ba da magani sai an san ciwo. A ganina ciwon ƙungiyarmu shi ne yadda muke raba rigar wasa. A al'adarmu riga ta 'yan aji shida ce, ko sun iya ko ba su iya ba. Yaro zai shekara biyar yana ɗaukar wa siniyoyi sanduna, yana ɗebo ruwa, yana tsinto ƙwallo daga cikin ciyawa, sai ya kai aji shida sa'an nan a ce ga riga, shiga. Bai gama sanin abokan wasansa ba jarrabawar fita ta matso, ya ajiye sanda ya ɗauki littafi, wanda kuwa shi ne daidai. Yana fita sai waɗansu sababbi goma sha ɗaya su maye gurbi, su ma su fara daga farko. Watau kowace shekara sabuwar ƙungiya muke kaiwa gasa, amma ta manyan yara masu ƙarfi. Ƙarfin nan shi ke hana a wulaƙanta mu, rashin sabo kuwa shi ke hana mu cin kofi. Ga asalin zamanmu a tsakiya.

Hoki kuwa, ko ƙwallon gora kamar yadda waɗansu ke kiransa, wasa ne da ba a koyonsa a zango ɗaya. Sandar fuska ɗaya ce kawai aka yarda a taɓa ƙwallo da ita, watau shimfiɗaɗɗiyar fuskar, saboda haka in ƙwallo ya koma hagunka sai ka murɗa sandar a hannu kana cikin gudu. Ba a taɓa ƙwallo da ƙafa, sai mai tsaron gida. Kuma komai kyawun bugu, ba a lissafa shi a ci sai in ɗan wasan da ke kai hari ya taɓa ƙwallon a cikin da'irar da ke gaban raga. Ga kuma gajeriyar kwana, bugun da akan ba ƙungiya in an yi mata laifi a cikin da'irar: ɗaya ya turo, ɗaya ya tare, ɗaya ya buga, kuma tilas ukun nan su san juna kamar 'yan uwa ɗaya. Sau nawa muka sami gajeriyar kwana mai turowa ya turo, ƙwallo ya wuce ta ƙarƙashin sandar mai tarewa? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. To, mu kam har gorar wasa sai ranar tafiya muke neman koyon riƙe ta.

Don kada a ce surutun ɗan kallo ne kawai, bari in kawo labarin ƙasar Indiya, wadda ba ƙasar da ta kai ta yawan lambar zinare a hoki na maza a gasar Olamfik. Ta ci zinare sau shida a jere, daga 1928 zuwa 1956. A zamanin shahararren ɗan wasanta Dhyan Chand ta ci Amurka 24 da 1 a 1932, ta kuma ci Jamus 8 da 1 a wasan ƙarshe a Berlin a 1936. Ta ƙara zinare a 1964 da 1980, ya zama takwas, ga kuma Kofin Duniya da ta ci a 1975. Amma tun daga gasar Montreal ta ƙasar Kanada a 1976 aka koma yin wasan a kan ciyawar roba, inda ƙwallo ke gudu ba gargada, wasa ya koma na sauri da ƙarfin jiki da dogon bugu. Shimfiɗa irin wannan fili akwai tsada. Ƙasashen Turai da Ostireliya suka yi ta shimfiɗawa, yaran Indiya kuwa yawancinsu a kan ƙasa da ciyawa suke tashi. Bayan 1980 Indiya ta zama irin ƙungiyarmu: tana zuwa kowace gasar Olamfik, ba ta ƙarshe ba, ba ta kuma dawowa da kome sai tarihin kakanni.

Haka aka yi ta lallaɓawa har 2008, sa'ad da Birtaniya ta ci ta 2 da nema a ƙasar Chile, ta kasa samun gurbin zuwa Olamfik, abin da bai taɓa faruwa ba cikin shekara tamanin. A Landan a 2012 ta je, amma aka cinye ta a dukan wasanninta, ta zo ta 12 cikin ƙasashe 12. Wannan kunya ta yi wa Indiya abin da shekarun tsaka-tsaki ba su yi mata ba, watau ta tashe ta daga barci. Aka mai da hankali ga matasa, har ƙungiyarta ta matasa ta ci Kofin Duniya nasu a birnin Lucknow a 2016. A 2018 gwamnatin jihar Odisha ta ɗauki nauyin ƙungiyoyin ƙasar na maza da mata. Da aka je Tokiyo a 2021, goma daga cikin 'yan wasa 16 da aka zaɓa ba su taɓa zuwa Olamfik ba, kuma da dama cikinsu yaran nan ne na 2016. Suka ci Jamus 5 da 4 suka ɗauki lambar tagulla, bayan shekara 41 ba lamba ko ɗaya. A Paris a 2024 suka sake ɗaukar tagulla, bayan sun ci Sifen 2 da 1.

Maƙwabciyarta Pakistan ma abin dubawa ce. Ta ci zinaren Olamfik a 1960 da 1968 da 1984, ta ɗauki Kofin Duniya sau huɗu, na ƙarshe a 1994. Duk da haka ba ta sami zuwa Olamfik ba a 2016, da na Tokiyo, da na 2024. Ashe tsofaffin kofuna ba su jefa ƙwallo a raga, ko na ƙasa ne ko na kabad ɗin ofishin Shugaban Makaranta.

Sai dai akwai abu ɗaya a labarin Indiya da masu cewa a rusa ɗungum ya kamata su lura da shi. Sreejesh da Manpreet Singh, mai tsaron gidanta da kyaftin ɗinta a gasar Tokiyo, duk suna cikin waɗanda suka sha kunya a Landan, amma ba a zubar da su ba. Su ne suka ja yaran a Tokiyo, kuma Sreejesh ne ya tare bugun Jamusawa a daƙiƙun ƙarshe, sa'ad da ci ɗaya zai mai da wasan canjaras. Lalle da tsohuwar zuma ake magani. Maginin kirki in zai ta da sabon ɗaki yakan bar ginshiƙin da bai ruɓe ba.

Yanzu sai in zo ga inda maganar ta fi yi mini nauyi. Ina da aboki, garinmu ɗaya, ajinmu ɗaya, akwatunanmu ma a jere suke. Shekara biyar ke nan yana ɗaukar sanduna yana jiran baɗi. Da ya ji ra'ayina sai ya ce mini, "Haba abokina! Ni na sha ranar, na sha aiken, sai da layi ya zo kaina za ka ce a ba yaron da nake koya wa ɗaurin takalmi? Kai da ke bakin fili me za ka rasa?" Maganarsa tana da ƙarfi, kuma mun yi kwana uku ba ma cin abinci a kwano ɗaya. Amsar da na ba shi ita ce, wannan layin da yake jira shi ne ya cuce shi. Da tun yana aji uku aka sa shi a fili, da yau ba wanda zai iya ƙwace masa riga. In kuwa aka bar al'adar yadda take, yaron nan mai koyon ɗaurin takalmi haka shi ma zai ɓata shekarunsa. Dole wani aji ya ɗauki asarar, kuma ta faɗo a kan namu. Ni ma ina da abin rasawa, don in aka bi shawarata shekarata ta ƙarshe a makarantar nan kashi zan yi ta kallo muna sha, kuma ranar da kofi zai zo ni na daɗe da barin nan.

Ga abin da nake roƙon Malamin Wasanni da shugabannin ɗalibai su duba. Da farko, riga ta zama ta wanda ya iya, daga kowane aji yake, a gwada kowa a fili a gaban jama'a. Na biyu, a bar mai tsaron gida da manya uku ko huɗu waɗanda suka fi ƙwarewa, sauran gurabe a cika su da 'yan aji uku da aji huɗu, waɗanda za su yi shekara biyu ko uku suna wasa tare. Na uku, a kafa ƙungiya ta biyu ta 'yan aji ɗaya da biyu, a riƙa yi musu gasa tsakanin gidajen kwana, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manyan da ba su sami riga ba a ba su horar da yaran gidajensu, a kuma rubuta musu wannan aiki a takardar shaidarsu ta barin makaranta. Na huɗu, a fito da karyayyun sandunan da ke jibge a sito, a ɗaure masu ɗauruwa, sa'an nan a rubuta wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a nemi gudummawar sababbi, don yaro ashirin ba za su koyi wasa da sanda biyar ba. Mu ba ciyawar roba muke nema ba. A share filinmu, a cike ramuka, a ja layi da farar ƙasa, ya ishe mu.

Saura mu 'yan kallo, don mu ma muna cikin ginin. Yaran nan za su shiga fili da waɗanda suka girme su, za a bangaje su, wata rana a zura musu biyar ko shida. In muka yi musu ihu, ko muka juya baya muka koma ɗaki tun wasa bai tashi ba, to, zango ɗaya za a yi a ce gwaji bai yi ba, a koma gidan jiya. Wajibi ne mu ɗauki alkawarin haƙuri na shekara uku, mu riƙa auna su da yawan gajeriyar kwanar da suka iya tarewa da yadda suke miƙa wa juna ƙwallo, kafin mu fara auna su da yawan ci. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ina fata waɗanda ba su yarda da ni ba za su mai da amsa a fitowa ta gaba, don a ji daga kowane ɓangare kafin a fara atisayen baɗi. Ku kuma ƙannenmu 'yan aji ɗaya da biyu, in an kira ku fili ku fito, kada girman siniya ya firgita ku. In Allah ya sa kuka ciyo kofin, ku aika mana da labari duk inda muke. Allah ya ba makarantarmu sa'a a aji da fili baki ɗaya, amin.