Daga Zogbeli Zuwa Dogon Dutsi: Kwana Uku Muna Kwana Cikin Mota

Kwanakin baya ɗan ƙanena da ke Jamus ya turo mini hoto ta WhatsApp. Mota ce fara doguwa, a cikinta akwai gado da murhu har da banɗaki, tana tsaye a wani ƙauye da dusar ƙanƙara ta rufe. Wai ita suka yi haya suka je gaida surukansa. Ya rubuto, “Baba, kun taɓa ganin irin wannan?” Na yi dariya na ce masa ai mun riga ku. Tamu dai ba ta da banɗaki, farin da ya rufe mu kuma ƙura ce.

Ni mutumin Arewa ne, Arewa ta ƙasar Nijar, daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi. Na fi shekara talatin a Tamale, gidana a Zogbeli, ina sayar da wake da masara a kasuwar Aboabo. Nakan je gida ni kaɗai. Amma 'ya'yana huɗu, duk haihuwar Tamale, babban ne kawai ya taɓa ganin mahaifiyata, shi ma yana goye. Shekara uku Inna tana cewa in kawo mata su, ni kuma ina cewa sai kasuwa ta lafa. A ƙarshen 2022 ta ce mini a waya, “Ɗan nan, idona ya fara hazo. In za ka kawo su, ka kawo su ina gani.” Daren nan ban yi barci ba.

Da na lissafa kuɗin mota na mutum shida, zuwa da dawowa, da masauki da abinci, sai na ga jarina zai taɓu. Sai na dubi tsohuwar Sprinter da nake ɗaukar buhuna. Na kira kafinta ya shimfiɗa katako a baya, kaya a ƙasa, katifa biyu a sama. Uwargida ta ɗaura labule a tsakiya, ita da 'yan mata ciki, ni da samari gaba. Muka ɗora tukunyar gas, jarka huɗu ta ruwa, buta, tabarma da barguna. Tsaraba kuwa doya ce da goro da man kaɗanya da atamfa. Na haɗa takardun mota, da inshorar ECOWAS, da katin rigakafin shawara na kowa, don a kan iyaka ba a wasa da shi.

Hanyar Burkina ta Fada N'Gurma, wadda muka saba bi da, direbobi sun hana ni saboda rashin tsaro. Sai muka yi gabas bayan sallar asuba, a ƙarshen Disamba: Yendi, muka haye kogin Oti, Zabzugu, Tatale, muka shiga Togo, muka kwana a Kara. Washegari muka shiga Benin, muka bi ta Jugu. A nan na tsayar da mota na gaya wa yara cewa kusan sawun kakanninmu muke bi. Fataken goro da ke tasowa daga Salaga zuwa ƙasar Hausa sukan yada zango a Jugu, da jakunansu da madugunsu, tafiyar watanni. Su ma a kan hanya suke dafawa, a kan hanya suke kwana. Sunan unguwannin da muke zaune a Gana, zango, daga nan ya samo asali. Autana ya ce, “To su ina suke cajin waya?”

Mai niyyar bin wannan hanya ya tuna agogon Benin da Nijar ya wuce na Gana da Togo da awa ɗaya. Sefa ɗaya ce kuma ke aiki a ƙasashen uku, don haka sau ɗaya za ka canza sidi.

Muna ganin mun san hunturu a Tamale. Ashe ba mu sani ba. A Kandi muka yi kwana na biyu, a tasha, cikin manyan motoci. Wajen ƙarfe uku na dare ƙarfen motar ya ɗau sanyi kamar randa. Na ji ƙaramar 'yata tana tari, na cire rigar sanyina na lulluɓa mata. Da asuba ruwan buta ya gagari yara, sai da uwarsu ta ɗumama. Motar ma ta ƙi tashi, injin gas tsoho ba ya son sanyi. Wasu direbobin albasa da ban san su ba suka taso suka tura mu, ɗaya yana cewa, “Alhaji, gobe ka ajiye ta a gangare.” Na ba su goro, suka ba mu shayi.

Daga Malanbil muka hau gadar kogin Kwara zuwa Gaya, amma kogin da na yi ta ba yara labarinsa bai ganu ba. Hazo ya rufe komai, rana kamar farin faranti. Wannan ƙura daga can arewacin Cadi iska ke kwaso ta, daga busasshen gindin tsohon tafki. Da rana tsaka muke tafiya da fitila a kunne. Gira da gashin idon yara suka yi fari, leɓe ya tsage, man kaɗanyar tsaraba sai da muka buɗe shi. Muka kwana a Doso, washegari da hantsi duwatsun Dogon Dutsi suka ɓullo cikin hazo.

Mun sami Inna a bakin murhu tana jin ɗumi. Ta riƙa kama fuskar kowane yaro tana matso da ita kusa da idonta. Autana ya juyo ya ce mini, “Kaka ya tsufa.” Ka san Hausarmu ta Gana ba ruwanta da mace da namiji. Inna ta ce, “Ja'iri! Ni ce ya? Maigidan nawa ko magana bai iya ba, na fasa auren.” Gidan duk ya ɗauki dariya. 'Yan matan kuwa ta ce kishiyoyinta ne, sun zo ƙwace mata miji.

Mako biyu muka yi. Ɗakunan gidan ba su ishe mu ba, sai motar ta zama turakata, a gindin gawo. Kullum da safe Inna takan aiko da kunu mai zafi, da dare a kewaye wutar kara, tana ba su labarin ubana da ba su sani ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe gadar nan da muka bi, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Kafin wani hunturu ya zagayo Allah ya karɓi Inna. Da na sake cewa sai kasuwa ta lafa, da 'ya'yana ba su san muryarta ba.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, kasuwa ba ta lafawa, mu ne muke lafawa. An ce zumunci a ƙafa yake. In kana da tsoho a gida, kuma kana da motar da ke ɗaukar buhu, to za ta ɗauki katifa. Ka tambayi direbobi hanyar da ke da lafiya, ka duba batir, ka ƙara bargo biyu a kan abin da ka yi zato. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya kai mu gida lafiya.