Dutsen Da Ya Kusa Ƙarewa A Hannun Masu Fasa Dutse

Duk wanda ya tsaya a bakin Kogin Rhine a birnin Bonn na ƙasar Jamus, kusa da ginin da Sashen Hausa na DW yake watso muku shirye-shirye, in ya dubi kudu maso gabas zai hango jerin tuddai lulluɓe da itatuwa a tsallaken ruwa. Mun shafe watanni muna hangen su ta tagar jirgi a hanyarmu ta zuwa aji, kullum sai mu ce sai an yi hutu. Wata Asabar a watan Oktoba, mu biyar 'yan makaranta muka ce yau kam ba fashi. Muka cika gorunanmu da ruwa, muka sayi burodi da dabino, muka hau ƙaramin jirgin cikin gari mai lamba 66. Cikin kusan rabin awa ya sauke mu a garin Königswinter, a gindin tuddan.

Jamusawa na kiran wannan yanki Siebengebirge, wato Duwatsu Bakwai, ko da yake in za a ƙirga tuddan ɗaya bayan ɗaya sun haura 40. Masu darasin labarin ƙasa su lura: aman wuta ne daga ƙarƙashin ƙasa ya samar da su, shekaru kusan miliyan 25 da suka wuce. Mafi tsawonsu shi ne Ölberg, mai mita 460. Amma wanda ya fi suna shi ne Drachenfels, mai mita 321, kuma shi muka nufa. Ma'anar sunan ita ce Dutsen Dodo, domin a tatsuniyarsu wani dodo mai kama da ƙaton maciji ya taɓa zama a kogon dutsen, har wani jarumi mai suna Siegfried ya zo ya kashe shi.

A gindin dutsen gardama ta kaure. Akwai jirgin ƙasa da ke kai mutane sama tun shekarar 1883. A tsakiyar layinsa an shimfiɗa ƙarfe mai haƙora, jirgin kuma yana da wata ƙafa mai haƙora da ke cizon ƙarfen don kada ya sulluɓo baya. Tsawon layin kilomita ɗaya da rabi ne, amma yana ɗaga fasinja sama mita 220. In kun ƙaddara hawa ɗaya na bene mita 3 ne, ku lissafa da kanku bene mai hawa nawa ke nan. Ƙaramarmu ta dubi jirgin, ta dubi babbanmu.

“Yaya, ga sauƙi Allah Ya kawo, me zai sa mu wahalar da kanmu?”

“Ƙanwata, in jirgi ya kai ki, hoto kawai za ki ɗauko. Zo mu taka.”

Muka bi tsohuwar hanyar da ake kira Hanyar Jakuna, domin da jakai ake hawar da baƙi ta nan a da. Minti goma na farko muna ta wasa da dariya. Daga nan hanya ta miƙe tsaye kamar tsani, hira ta mutu, ba ka jin komai sai haki. Sanyi ake yi, amma gumi ya jiƙa mana riguna. Duk kwanar da muka sha sai mu hango kangon da ke kan ƙololuwa kamar mu miƙa hannu mu taɓa, sai wata kwanar ta sake ɓullowa. A ranar muka gane abin da Bahaushe yake nufi da ya ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Abin da ya ba mu kunya shi ne tsofaffi. Wata dattijuwa da mijinta, kai fari fat, kowanne da sanduna biyu a hannu, suka gaishe mu suka wuce mu muna zaune a kan benci. Ba sauri suke yi ba, taku ne ƙanana, amma ba sa tsayawa. Mu kuwa mun taso da gudu, ƙarfinmu ya ƙare tun kafin a kai rabi. Muka kwaikwaye su: ƙaramin taku, numfashi a hankali, kurɓin ruwa kaɗan-kaɗan. Ƙaramarmu da ta rantse ba za ta ƙara ko taku ɗaya ba, ita ce ta koma gaba.

A tsakiyar hanya muka wuce Drachenburg, wani gida mai hasumiyoyi kamar fadar sarki, wanda wani attajiri, Stephan von Sarter, ya gina tsakanin 1882 da 1884, amma bai taɓa zama a ciki ba. Da muka ƙara gaba sai muka lura da wani abu. Jikin dutsen a shafe yake kamar an yanka shi da wuƙa, an kuma kafa masa manyan ƙusoshin ƙarfe da siminti don kada ya zubo. Tun zamanin Rumawa ake fasa dutse a nan. Da aka fara gina babbar majami'ar birnin Kolon a 1248, daga nan aka riƙa saro duwatsun, a loda a jiragen ruwa, kogi ya gangara da su. An ci gindin dutsen har ta kai a 1788 wani sashe na tsohuwar ganuwar da ke samansa ya rufta ya gangaro ƙasa.

Bayan awa ɗaya da kwata muka isa. Iska mai sanyi ta buge mu, kowa ya yi tsit. Ga Kogin Rhine can ƙasa yana sheƙi kamar an shimfiɗa azurfa, manyan jiragen dakon kaya sun koma kamar ashana. Ta kudu ga tsibirai biyu a tsakiyar ruwa, Grafenwerth da Nonnenwerth, ga gonakin inabi jere a kan gangare. Ta arewa ga Bonn, birnin da ya zama hedikwatar Jamus ta Yamma daga 1949 zuwa 1990. Can nesa kuma, da yake gari ya yi garau, muka hango tsinin hasumiyoyi biyu na majami'ar Kolon, masu tsawon mita 157. Abin mamaki, muna tsaye a kan dutse muna hangen ginin da aka yi da naman jikinsa.

To me ya hana dutsen ƙarewa? Mutane ne suka yi ta ƙorafi, har gwamnatin masarautar Furusiya ta saye ƙololuwar a 1836 ta hana fasa ta. Ana lissafa wannan cikin matakan farko na kare muhalli a Jamus. A 1869 mazauna yankin suka kafa ƙungiyar kula da tuddan, wadda daga baya ta riƙa sayen filaye don a rufe wuraren fasa dutse. Ba kowane tudu ne ya tsira ba. Dab da inda muke tsaye akwai Wolkenburg, wanda shi ma a da yake da ganuwa a kansa. An fasa shi har ganuwar ta ɓace, tudun ya rage tsawo da kusan mita 30. Masu fasa dutsen ba mugaye ba ne, abincinsu suke nema, gine-ginen ma ana bukatarsu. Sai dai dutse ba gero ba ne da za a girbe bana a sake shukawa baɗi.

Muka zauna a gindin kangon ganuwar, wadda aka fara ginawa a 1138 aka rushe ta lokacin yaƙi a 1634, muka ci burodinmu da dabino. Babbanmu ya tattara ƙwallayen dabinon da ledoji ya zuba a jakarsa, domin tun daga ƙasa har sama ba mu ga inda wani ya yar da ko bawon alawa ba. Muka sauko ta wani kwari mai inuwa da ƙorama, ganyaye ja da rawaya suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmanmu. Saukowar ma ba wasa ba ce, gwiwoyi ne suka biya kuɗin.

Kwana biyu muka yi muna ɗingishi zuwa aji, amma tuni mun sa ranar hawa Ölberg. Ku kuma fa? In akwai dutse ko tudu kusa da garinku, ku nemi izinin iyaye, ku tafi tare da malami ko wani babba, ku ɗauki ruwa, ku hau da sassafe kafin rana ta yi zafi. In kun kai sama ku dubi garinku da kyau, sannan ku dubi jikin dutsen, ku tambayi dattawan unguwa yadda yake a lokacin da suke yara.