Ƙwallon Amurka a Idon Ɗan Ƙofar Marusa

A Ƙofar Marusa ba sai ka tambaya ba kafin ka san ana wasan Firimiya. Kana zaune a ƙofar gida za ka ji rumfar kwano ta ɗauki ihu gaba ɗaya, ka san an ci. In ihun ya yi tsawo har da dukan benci, to babbar ƙungiya ce aka zura wa. A bakin gidan kallo ga allo an rubuta wasannin ranar da alli, janareto na ruri a baya, mai gida na tsaye yana karɓar kuɗi, mai shayi da mai rake na cin kasuwarsu. Da an tafi hutun rabin lokaci sai ka ga an yi dafifi wajen butoci, kowa na so ya sami magariba kafin minti 15 ɗin nan su ƙare. A cikin wannan na tashi, kuma har yau ina zuwa.

Wanda ya fara nuna mini cewa akwai wata ƙwallo da wasu al'umma ke so kamar yadda muke son tamu, wani dattijo ne aminin mahaifina, tsohon malamin makaranta da aka tura karatu jihar Ohio ta Amurka yana saurayi. A farkon Fabrairun 2017 ya aika a kira ni. Ya ce, "Ɗana, ka yi wa mai gidan kallonku magana ya bar mana inji daren Lahadi, ni zan sayi mai. Akwai wasan da nake so in gani a babban allo." Wasan ƙarshe ne na gasar ƙwallon Amurka, wanda suke kira Super Bowl, tsakanin New England Patriots da Atlanta Falcons a birnin Houston. A agogonmu sai bayan sha biyu da rabi na dare aka fara, ga sanyin hunturu. Samari da dama sun tsaya don ganin ƙwaƙwaf.

Ba a jima ba suka fara zamewa. Abin da suke gani shi ne ƙarti sanye da hulunan kwano sun yi sahu biyu sun duƙa, a yi karo na daƙiƙa biyar ko shida, a zube a ƙasa, alƙali ya busa, a tashi a yi cirko-cirko, sai talla. Wani yaro ya juyo ya ce, "Baba, don Allah yaushe za a fara wasan ne?" Tambayarsa tana kan hanya. A ƙa'ida wasan minti 60 ne, an raba shi huɗu, amma yakan ci fiye da awa uku. A 2010 jaridar Wall Street Journal ta auna wasu wasanni ta ce lokacin da ƙwallo ke motsi da gaske bai wuce kimanin minti 11 ba. Sauran duk shiri ne da shawara da maimaita hoto da talla, kuma tallar ba ta wasa ba ce, domin a Super Bowl ɗin 2017 daƙiƙa 30 ta kai wajen dala miliyan 5.

Baba ya yi ta yi mana bayani da haƙuri irin na malamai. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, amma masu kai hari daban, masu tsaro daban, ana musanya su gaba ɗaya. Mai riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi goma. In ya samu a ba shi wasu huɗun, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki shida, wanda ya buga ta tsakanin sanduna ya sami uku. Mun ji, mun gyaɗa kai, amma ido bai kama ba.

Wanda ya fara kamawa shi ne mai tsiren bakin titi, da ya kashe wutarsa ya shigo jin ɗumi. Ɗan gidan mahauta ne, a gidan dambe ya girma. Ya zuba ido na ɗan lokaci, sai ya ce, "Baba, ai wannan dambe ne. Turmi-turmi suke yi." Tun daga nan na ga wasan da wani ido. Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya san cewa naushin kansa ɗan kaɗan ne a cikin yini. Akasarin lokacin yana tafiya ne wajen ɗaure hannu da zare, kiɗan kalangu, kirari, zagayen fili, neman abokin karawa, a ƙi wannan a karɓi wancan. In an shiga ma sai a daɗe ana auna juna, kafin hannu ɗaya ya fita a yi kisa ko a raba turmi. Ba wanda ke cewa an ɓata masa lokaci, domin jiran yana cikin kallon. A cikinsa ake musu, ake tuna damben da aka yi bara, ake hasashen ta inda ɗan Arewa zai shigi ɗan Kudu. Haka Ba'amurke yake amfani da daƙiƙa 40 da ake bayarwa tsakanin karo da karo: yana lissafin saura yadi nawa, saura dama nawa, jefawa za a yi ko rugawa. Wasa ne da ke ba mai kallo fili ya zama mai horaswa daga inda yake zaune.

Daren kuwa ya zo da abin tarihi. Atlanta ta kai maki 28, New England na da 3. Sai Tom Brady na New England da mutanensa suka yi ta ciko, har aka yi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, karo na farko a tarihin wannan wasan ƙarshe, suka ci 34 da 28. Ƙarfe huɗu na asuba ta wuce kafin mu tashi. Na yaba, na kuma fahimci cewa na ga babban abu. Amma a kaina kawai abin ya tsaya. Baba kuwa, da shekarunsa, duk lokacin da aka jefa ƙwallo sama sai in ga kafaɗarsa ta ɗaga, yatsunsa sun buɗe. A hanyar gida na tambaye shi, ya ce lokacin da suke ɗalibai sukan buga ta a kan ciyawar makaranta da yamma, ba hula ba sulke, kuma ya san nauyinta a tafin hannu, ya san wuyar cafe ta kana gudu kana waiwaye.

Wannan magana ce ta fi zauna mini, don ta bayyana mini abin da na daɗe ina gani a gidan kallo ban ba shi suna ba. Ka lura da ƙafafun mutane a ƙarƙashin benci lokacin da ɗan wasa ya tunkari raga. Rabin ɗakin na harbin iska. In ya ɓarar, tsakin da ake ja na wanda ya san yadda ake yi ne, domin babu namijin da ke wurin da bai taɓa buga ƙwallo ba takalmi a lungu ko a filin makarantar firamare ba, da duwatsu biyu a matsayin raga. A daren Istanbul na 2005, da Liverpool ta farke ci uku da AC Milan ta yi mata, ban yi lissafin komai ba. Na tsinci kaina a tsaye ne ina rungume da mutumin da ban sani ba. Yayyenmu haka suke ba da labarin Atlanta 1996, da Kanu ya farke wa Najeriya ya kuma ci Brazil a wasan da ya tashi 4 da 3. Mai kallo da jikinsa yake kallo, kuma jiki ba ya amsa abin da bai taɓa yi ba.

Katsina ma tana da shaidar haka a tarihinta. Folo wasan baƙi ne, amma da Sarki Muhammadu Dikko ya kawo shi sai ya kama ƙasa, har ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da ake ji da shi a faɗin Najeriya. Ya kama ne domin ya tarar da mutanen da suka san doki, suka san sukuwa da linzami. Ƙwallon Amurka ba ta tarar da komai a jikinmu ba, kuma kayanta kaɗai sun fi ƙarfin yaron unguwa. 'Yan Najeriya sun yi suna a cikinta, irin su Christian Okoye na Enugu da ya fi kowa cin fili da gudu a kakar 1989, da Osi Umenyiora da ya ɗauki kofin sau biyu da New York Giants, amma can suka koye ta. Wani ɗan Najeriyar kuma, likita Bennet Omalu, shi ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasa da ya rasu a 2002 ya nuna irin lahanin da yawan karo ke yi. Tun da na san wannan, in na ga an yi karo ana tafi sai jikina ya yi sanyi, kuma ba na cire damben namu daga wannan damuwa.

In aka ce in zaɓa, tamaula zan zaɓa, ba don sabo kaɗai ba. Minti 45 agogo na tafiya ba ya jiran kowa, ba ka da damar juya baya ka sayi gyaɗa, domin abin da ka zo gani yana iya faruwa a daidai lokacin. Ci yana da wuya, shi ya sa yake da daraja, shi ya sa kuma ƙaramin kulob zai iya tsare gidansa ya sami ɗaya ya kwana da ita. Leicester da ta ɗauki Firimiya a 2016 ta sa talakawan gidan kallo murna ko da ba ita suke goya wa baya ba. Saboda haka nake jin zafin na'urar taimaka wa alƙali da aka shigo da ita Firimiya a 2019. An ci, ɗaki ya tashi, sai a ce a dakata ana jan layi a kan allo. Ihun da aka dakatar ba ya dawowa yadda yake. Wasan Amurka an gina shi ne a kan tsayawa, don haka duba hoto bai rage shi da komai ba. Namu an gina shi ne a kan gudana.

Amma akwai abin da na gani a wajensu da ya tsaya mini a rai, kuma ba a cikin fili yake ba. Gasarsu ƙungiya 32 ce, ba mai faɗuwa ƙasa, kuma wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓar gwanin matasan da suka fito daga jami'o'i, ga iyaka da aka sa wa kuɗin albashi don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye. Wannan adalci ne da Turai ba ta da shi. Abin da ya fi shi kuwa, nasu suke kallo. Baba ya ce daren Juma'a gari kan fita kallon 'yan sakandarensa, Asabar ta jami'o'i ce, Lahadi ta manya. Akwai wani gari, Green Bay, mutanensa sun ɗan haura 100,000, bai kama ƙafar birnin Katsina ba, amma filin ƙungiyarsa na cin wajen mutum 80,000, kuma ƙungiyar mallakar magoya bayanta ce, ba ta wani attajiri ba. Uba kan rubuta sunan jaririnsa a layin jiran tikiti.

Mu kuwa muna iya lissafo 'yan benci na Manchester United, mu yi gaba da aboki saboda Messi da Ronaldo, alhali da yawanmu ba za su kawo sunan mutum uku a Katsina United ba. Ga fili an gina mana, wanda aka buɗe a 2013 da sunan Karkanda, daga baya aka sa masa sunan Muhammadu Dikko. Bayan wancan daren na mayar da zuwa can al'ada, ina ɗaukar 'ya'yan yayana. Wasan bai kai na Turai tsari ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da allo ba ya bayarwa. Kana ganin fili duka, ka ga ɗan baya yana jan layin satar gida tun ƙwallo na can nesa, ka ji ƙarar takalmi a jikin ƙwallo, ka ji mai tsaron gida na yi wa mutanensa tsawa, wani lokaci da Hausa. Ranar da Kano Pillars ta zo kuwa, birni kan san ana wani abu. Wata rana ƙaramin cikin yaran ya nuna wani ɗan wasa ya ce, "Kawu, wancan fa a unguwar su abokina yake." Washegari da la'asar na same shi a lungu yana gwada irin juyin da ya gani.

Lungun nan shi ne abin da nake jin tsoron rasawa. Wuraren da muka buga ƙwallo muna yara a kewayen Ƙofar Marusa, da yawa sun zama shaguna da gidaje, makarantu kuma sun ja katanga sun sa ƙofar ƙarfe, da dalilinsu na tsaro da ba wanda zai ƙi. Yaran yanzu da yawa a waya da gidan gem suka san ƙwallo, da babban yatsa suke buga ta. In aka ci gaba a haka, za a wayi gari suna kallon Firimiya kamar yadda na kalli wasan Houston, su fahimta su yaba, ƙafarsu ba ta motsa ba. Na kai maganar gaban mai unguwa da wasu iyayen yara, muka roƙi wata makaranta ta riƙa buɗe filinta daga la'asar zuwa magariba, manya biyu na zaune suna sa ido, mu kuma mu ɗauki nauyin ƙwallo da gyaran duk abin da aka fasa. Shugaban makarantar ya ce zai gwada mu na zango ɗaya.